Bangon Littattafaina da Harajin Ma'aikatan Baba

Ko na tsufa na fara dogara sanda, ba zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da muka je Kurfi karɓo takardun kamfanin Baba ba. Muna shiga zauren Malam Isiyaku, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tarin ambulan manya-manya masu ruwan ƙasa, an jera su a bakin taga, an danne da tsohon dutsen guga don kada iska ta kwashe. Sababbi fil, ko lanƙwasa babu a jikinsu. Kuma tsakanina da Allah, abin da ya fara zuwa raina shi ne: kai, waɗannan fa za su yi bangon littafi! (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.)

Ni dai ma'abociyar kallo ce, magana kuwa ba ta cikin kayana. A ajinmu na san wadda ta sake ɗankunne, na san malamin da yake goge allo da hannun hagu idan ransa a ɓace yake, na san tagar da ƙusarta ɗaya ta fita tun muna aji ɗaya. Amma a ce in tashi in faɗi sunana a gaban mutum uku, sai in ji harshena ya yi nauyi kamar an jiƙa shi a koko. Ƙawayena suna ce mini ba abin da ke wuce ni, ni ma har na fara yarda.

Ga shi kuma ni ce 'yar fari. Babanmu a gidan malamai ya tashi a Kurfi, inda ake riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan ya zama dole ya kira ni, "ke" ce. Idan zai yi magana a kaina, "yarinyar nan" ce. Ina zaune a tsakar gida zai dubi Inna ya ce, "An ba su sakamakon jarrabawa kuwa?" Inna ta juyo ta tambaye ni, in ba ta amsa, ita kuma ta mayar masa, alhali duk a kan tabarma ɗaya muke. Ba ƙi ba ne. Idan ya shigo da tsire, na sha lura yana tura yankan da ya fi girma gefe da ɗan yatsa, ya ce, "A kai wa masu karatu." Ni kaɗai ce mai karatu a lokacin. Amma in tsaya a gabansa in ce "Baba, ina son kaza", wannan bai taɓa faruwa ba. Duk buƙatata ta hannun Inna take bi.

Baba ya yi shekaru yana kula da aikin gini a ƙarƙashin wasu 'yan kwangila. Bara ya tattara ƙarfinsa ya yi wa kamfaninsa rajista, ya kama ɗan shago kusa da tasha a Dutsin-Ma, ya sa teburi da kujera biyu, aka ce ofis. Ma'aikata biyar ya ɗauka masu albashin wata: injiniya, shugaban magina, direba, mai kula da sito da mai gadi. Leburori kuwa kullum da yamma ake sallamar su. Da aka zo maganar wanda zai riƙe lissafi, ko tunani bai yi ba, ya ce Malam Isiyaku.

Malam Isiyaku aminin marigayi kakana ne, tsohon akawun baitulmali da ya yi ritaya tun ban shiga firamare ba. Rubutunsa kamar an buga da inji, kuma biro biyu yake saƙalawa a aljihu, shuɗi da ja. Ba ya karɓar albashi a wurin Baba, sai dai buhun shinkafa da azumi da shadda da Salla. Ni kuwa "amarya" yake kira na, irin wasan kaka da jika, duk da ya san ba na iya rama ko kalma ɗaya.

To ga inda na shigo cikin labarin.

Farkon zangon karatu, malamarmu ta darasin zama ɗan ƙasa nagari ta ce duk wadda ta zo ranar Litinin littafinta ba bango na takarda mai ruwan ƙasa, ita za ta wanke bayin makaranta har mako guda. Ranar Juma'a ta faɗi haka. Na dawo gida na tarar Inna ta tafi bikin suna a ƙauyen Kuki, sai Litinin da yamma za ta dawo. Daga ni sai ƙannena sai Baba. Kuɗin takardar bai kai na lemon kwalba ɗaya ba, amma sai an buɗe baki an roƙa. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinsa, in tsaya in ƙare wa takalmansa kallo, in juyo.

Ranar Asabar da rana aka yi sallama. Direban motar Kurfi ne, da ledar gyaɗa da ƙaton ambulan mai ruwan ƙasa. "Saƙo daga Malam Isiyaku, a ba Alhaji." Baba yana wurin aiki. Na karɓa, na shafa ambulan ɗin, na ji kaurinsa, na ɗora shi a kan littafina na ga ya rufe shi har da rara. Na ce a raina Allah ne ya dube ni.

Kada ku ɗauka zubar da takardun ciki na yi. Ni ba sakarya ba ce (a lokacin haka nake gani). Na zare su a hankali, na shiga ɗakin Baba, na taka kujera na sauko da baƙar jakar da ke saman kabad, wadda na san takardun gida da na gona suna ciki, na sa su a can. Ina takarda mai muhimmanci za ta zauna in ba a nan ba? Har ƙurar da ke kan jakar na lura da ita, na sa gefen hijabina na goge. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ƙurar take gaya mini ba, wato rabon da a buɗe jakar nan an fi shekara.

A fuskar ambulan ɗin akwai rubutu da jan biro, na kuma karanta shi sarai. Sai na juya shi ciki, gefen da ba rubutu ya koma waje, na yanke, na naɗe, na liƙe. Ranar Litinin malama ta ɗaga littafina ta nuna wa aji ta ce a yi koyi da ni.

Gyaɗar na ba Inna da ta dawo. Maganar takardu kuwa ban yi ba, don idan na ce an kawo takardu, za a ce ina ambulan ɗin, kuma ba ni da amsar da zan iya furtawa.

Bayan wata guda wani ambulan ya sake zuwa, da kwalbar zuma. Littafin lissafina bangonsa ya yage. Da na buɗe jakar na ga takardun farko suna nan yadda na ajiye su, har ɗan lanƙwason da na yi musu a kusurwa bai motsa ba. Na ce wataƙila Baba ya karanta ya mayar daidai. Na uku kuwa, wanda ya zo da dabino, ko dubawa ban yi ba, na tura na rufe. Ya zama bangon littafin tattalin arziki.

Haka muka tafi lafiya lau wata da watanni, har ranar da Baba ya dawo ko sallamar kirki bai yi ba. Ina bayan labule ina tsince shinkafa na ji yana gaya wa Inna. Ya je neman wani aikin kwalbatoci a hanyar Karofi, aikin da ya daɗe yana hange, aka ce ya kawo shaidar cewa yana cire haraji daga albashin ma'aikatansa yana kaiwa ofishin haraji. Shi kuwa ko sisi bai taɓa cirewa ba. A saninsa, tunda ana yanke haraji daga kuɗin kwangila tun kafin su shigo hannunsa, ya gama da gwamnati.

"Mutum ya yi shekara talatin a baitulmali," in ji Baba, "a ce bai san da wannan ba? Ko kuwa ya sani ya manta? Malam ya tsufa, shi ke nan. Ni ne ban so in gani ba."

Inna ta ce, "To ka gaya masa mana."

"In gaya masa me? Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ranar saukar karatuna?"

Na ji duk wannan, na kuma tausaya wa Malam Isiyaku ƙwarai. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa. Na ci gaba da tsintar shinkafata.

Wani abokin Baba ya haɗa shi da wata akanta a nan Dutsin-Ma, Anti Bilkisu, matar aure ce matashiya, mai tabarau da jakar kwamfuta, mai magana kai tsaye kamar tana karanta sanarwa. Baba ya so a aika direba kawai ya karɓo fayil-fayil, a ce za a yi hoton su, daga nan a yi shiru. Ta ce sam. Ita ba ta karɓar aiki a bayan idon wanda ke riƙe da shi. Sai an zauna, ya miƙa, ta karɓa, kowa ya sa hannu. Mako uku Baba yana ɗage tafiyar. Na lura ko tuwonsa ya daina cinyewa.

Ranar da aka sa, ina lesin Asabar a makaranta aka aiko in fito. Bai dace Anti Bilkisu ta shiga mota daga ita sai Baba ba, sai aka ce in raka ta. Haka na shiga bayan mota da jakar makarantata a cinya.

A hanya take yi wa Baba bayani, ni kuma ina kallon gonakin wake ina saurare. Ta ce wanda ake yankewa daga kuɗin kwangila daban, wannan daban. Wannan na ma'aikata ne, amma mai kamfani aka ɗora wa cirewa duk wata, ya kai kafin goma ga watan da ke biye. Ko wanda albashinsa bai kai a cire masa komai ba, sai sunansa ya fito a jerin da ake kaiwa.

"Idan kuma ban cire ba?" in ji Baba.

"Kai za a bi, Alhaji, ba su ba. Da tara a kai."

Baba ya ce, "Innalillahi," ya rage gudu kamar tarar tana gaba a kan titi.

Muka isa, muka shiga zaure, na ga ambulan ɗin nan na yi musu sha'awar da na gaya muku. Abu na biyu da na lura da shi: Malam Isiyaku ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Asabar ce, kuma fayil-fayil ɗin kamfani suna gefensa a kan tabarma, an ɗaure su da igiyar rama, an gama shiri.

"A'a, har da amarya?" in ji shi yana dariya. "Kin zo ganin gidanki? To ki sani ba ni da kuɗin lefe, sai dai ki ɗauke ni bashi."

Na durƙusa na gaishe shi da muryar da ni kaina ban ji ta ba, na koma bayan Anti Bilkisu na lafe.

Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa. Aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka tambayi ciwon gwiwa. Aka kawo fura. Baba ya yi maganar tsadar siminti, ya yi maganar wani limami da ya rasu, ya koma kan siminti. Hularsa ya cire ya mayar sau huɗu, na ƙirga. Anti Bilkisu ta dubi agogonta.

Malam Isiyaku ne ya gaji. Ya ce, "Alhaji ƙarami, ka bar zagaye-zagayen nan. Wannan ita ce ɗiyar da za ta karɓi aikin ko? To madalla. Na ji daɗi da ka ɗauki shawarata, ko da ka makara."

Baba ya ɗago. "Wace shawara, Malam?"

"Wadda na rubuto maka. Na ce idona ya yi rauni, aikin nan kuma yanzu ta kwamfuta ake yin shi, ka nemi mai ilimin zamani in miƙa masa. Tana cikin saƙo na uku."

"Saƙo na uku?"

"Na farko fom ne na yi wa kamfani rajista a ofishin haraji a matsayin mai ma'aikata, sa hannunka kawai yake jira. Na biyu jerin ma'aikata da abin da za a cire wa kowa. Na uku na sake tuna maka, na ƙara da waccan maganar."

A daidai nan na ajiye furar da nake sha. Uku. Na dubi ambulan ɗin bakin taga. Na dubi jakata. Sai na ji kamar jakar ta yi zafi a cinyata.

Baba ya ce, a hankali, yana kallon tabarma, "Malam, Allah ya gafarta maka, babu takardar da ta iso hannuna. Ko ɗaya."

"Gyaɗa ba ta iso ba? Zuma fa?"

"Sun iso, har na yi waya na yi godiya."

"To tare suka tafi."

"Amma Malam, da ka ji shiru, me ya hana ka tambaye ni?"

Malam Isiyaku ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. "Na ɗauka babu kuɗin ne. Sabon kamfani, ga albashi, ga siminti. Na ce in na matsa maka na tona maka asiri. Kai fa, da ka ji ana neman shaidar haraji, me ya hana ka tambaye ni?"

Fuskar Baba ce ta amsa, kuma duk wanda ke zauren ya karanta ta: yana ganin tsohon ya rubuta a ransa ne kawai, ya manta bai aika ba. Malam Isiyaku ma ya karanta. Ya cire tabarau ya fara goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa, gilashin da ba komai a kansa. Mutumin da ya bar baitulmali ba a taɓa neman ko kwabo a hannunsa ba, yau ɗan amininsa yana yi masa kallon mai ruɗewa, a gaban baƙuwa.

"Ina da littafin da nake rubuta duk abin da ya fita daga zauren nan," ya ce. "Amma ni na rubuta shi, ba zai zama shaida ba."

Na san lokacin magana ya yi. Wallahi na sani. Na haɗa kalmomin a raina, na jera su, na buɗe baki. Har Anti Bilkisu ta juyo ta ce, "Mene ne?" Kun san abin da ya fito?

"Furar ta yi daɗi."

Abin da na ce ke nan. A tsakiyar wannan shirun.

Anti Bilkisu ta dube ni kamar mai tunanin ko zafin rana ne ya taɓa ni. Sai ta ce, don ta sauya iska, "Bari mu fara rubuta abin da ake miƙawa. Kwamfutata ba caji. Ƙanwata, ara mini littafi ɗaya in ciri takarda a tsakiya."

Littattafai bakwai ne a jakata. Huɗu bangonsu na tsohuwar kalanda ne. Na sa hannu ina laluben na kalanda, ita kuwa ta gaji da jira ta zaro na sama da kanta. Na darasin zama ɗan ƙasa nagari. Bangon ya kwana biyu, liƙin kusurwa ya saki, tana buɗewa ya ɗage, jan rubutu ya leƙo.

Ta tsaya. Ta gyara tabarau. Ta sa farce ta ɓanɓare sauran liƙin a hankali, ta shimfiɗa takardar a kan tabarma ta juya ta. Sannan ta karanta da muryar nan tata ta sanarwa:

"Zuwa ga Alhaji. Gaggawa. A sa hannu a dawo da shi kafin goma ga wata."

Wata akuya ta yi kuka a waje, na ji ina ma ni ce ita.

"Akwai wasu?" in ji Anti Bilkisu.

Na zaro na lissafi. Na zaro na tattalin arziki. Da kaina na ɓare su, don babu sauran abin ɓoyewa. Na biyu an rubuta "Tuni". Na uku an rubuta "Tuni na biyu, don Allah", an ja layi biyu a ƙarƙashin "don Allah".

Baba ya dubi bango, ba ni ba, ya ce, "A tambayi yarinyar nan ina takardun ciki."

Babu Inna a wurin da za ta isar. Anti Bilkisu ta duba hagu ta duba dama, ta ga ita ake nufi, ta ce, "Wai ina takardun?"

"Suna cikin baƙar jaka," na ce, hijabi a baki. "Saman kabad."

"Wai suna cikin baƙar jaka, Alhaji, saman kabad."

"Na ji," in ji Baba.

Da abin ya tsaya nan da na gode Allah. Amma littafin farkon nan yana buɗe a gaban Malam Isiyaku, ya mayar da tabaransa, ya jawo shi kusa da hanci. Turancinsa na mutanen da ne, tsaf. Ya karanta shafin, yana fassarawa da ƙarfi: "Ayyukan ɗan ƙasa nagari. Na ɗaya, biyan haraji a kan lokaci." Ya duba ƙasa. "Goma bisa goma. Malama har ta rubuta, da kyau."

Sai ya fashe da dariya. Dariyar da ta sa shi tari, ya dafe ƙirji, hawaye na bin gemunsa. Anti Bilkisu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ina neman tsaga a simintin zauren da zan shige, kuma da yake ni ce, har na lura akwai guda biyu, duk sun yi mini ƙanƙanta.

"Amarya!" in ji shi da ya samu numfashi. "Ashe ke ce babbar sakatariyar kamfani! To ai ko ni ban iya adana takarda haka ba. Kin raba wasiƙa da rigarta, kowacce kin ba ta ɗaki." Ya juya wurin Baba. "Kada ka taɓa ta. Ka ji ni? Da ni da kai da ita duk ciwonmu ɗaya. Ita ta ji nauyinka, kai ka ji nauyina, ni na ji nauyin aljihunka. Gwamnati ce kaɗai ba ta ji nauyin kowa ba."

Baba ya sauko daga kan buzun da aka shimfiɗa masa, ya durƙusa sosai a gaban tsohon. "Malam, ka yafe mini. Na yi maka mummunan zato."

"Na gani a fuskarka tun kana cire hula. Tashi, Allah ya yafe mana duka."

Daga nan aiki ya tafi kamar ruwa. Suka kwance igiya, fayil bayan fayil, Malam Isiyaku yana faɗa Anti Bilkisu tana rubutawa a takardar da ta cira daga littafina. Ta duba lissafin da ya yi na abin da ya kamata a cire wa kowane ma'aikaci, ta buga a wayarta, ta ce ko naira ɗaya bai kauce ba. Ya ce, "Yo da fa?" yana gyara biro a aljihu. Suka sa hannu, shi da ja, ita da shuɗi. Da za mu tafi ya ɗaga dutsen gugar nan, ya ƙirgo ambulan biyar sababbi ya miƙo mini. "Ungo sadakinki. Waɗannan ba komai a ciki, na duba."

Daga Kurfi har Dutsin-Ma Anti Bilkisu ta riƙa ɗan tuntsirewa lokaci-lokaci ta ce, "Furar ta yi daɗi," ta sake rufe baki.

A gida Baba ya sauko da jakar, ga takardu nan kashi uku, a jere, tsaf, ko ƙura babu. Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya ce wa Inna, "A tambaye ta, nawa ake sayar da takardar bangon nan?" Inna ta tambaye ni, na faɗa, ta mayar masa. Ya maimaita kuɗin sau biyu a hankali. Da ya yi mini duka da ya fi mini sauƙi.

Aikin kwalbatocin nan ya wuce shi, don kafin a gama gyara takardu an rufe karɓa. Bashin harajin watannin baya daga aljihunsa ya biya, da tarar, ya ce ba zai bi ma'aikata da abin da ba laifinsu ba. Da aka fara cirewa a albashi, direba ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, sai da Anti Bilkisu ta nuna masa rasit da sunansa a jiki ya sauko. Yanzu duk farkon wata, tun kafin goma ta matso, za ka ji Baba yana waya a ƙofar gida: "An kai kuwa? A turo mini shaida." Wani aikin ya samu daga baya, katangar wata makaranta, kuma takardunsa ba wanda ya ce uffan a kansu. Malam Isiyaku yana nan, shinkafarsa ta azumi ba ta fasa zuwa ba. Idan zai aiko da zuma, sai ya rubuta a jikin ledar da jan biro: "Ba ta hannun amarya ba."

Abin da na koya? Na daina yarda idan aka ce ba abin da ke wuce ni. Na ga ƙura, na ga lanƙwason takarda, na ga jan biro, duk na gani, amma gani bai isar da saƙo ko ɗaya ba. Kuma na gane kunyata ba kyauta ba ce, akwai mai biyan kuɗinta, har da tara.

Da aka koma sabon zango, ambulan biyar ɗin nan suka ƙare, littafi biyu suka rage tsirara. Inna tana nan a tsakar gida, da na so da na bi ta hannunta. Na wuce ta. Na tsaya a ƙofar ɗakin Baba, na ƙare wa takalmansa kallo kamar yadda na saba (igiyar na hagu ta kusa tsinkewa), na yi sallama. Ya amsa, ya ɗago, ya leƙa bayana yana neman wanda ya aiko ni. Ba kowa. Sai na ce:

"Baba, don Allah idan ka fita, a sayo mini takardar bangon littafi. Guda biyu."